Ɗan ɗigon da nake yi a gefen allo, ashe shi ne labarin gidanmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abu, in fara in goge, in fara in goge, amma tunda muka dawo daga ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɗan autana satin da ya wuce nace yau kam sai na rubuta ko da hawaye ne.

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, shekara 14 kenan ina riƙe da alli. Duk shekara sai na zana tantanin halitta a allo, wato sel, in yi masa cibiyarsa a tsakiya, in zana maitokondiriya, wato murhun da ke ba sel ƙarfi, da lanƙwashe-lanƙwashenta in tsaya in yi dogon bayani a kanta, daga ƙarshe sai in ɗiga wasu 'yan ƙananan da'ira a gefe in ce wa yara wannan sunansa feroksisom, yana lalata guba, ku rubuta mu wuce. Wallahi ko minti biyu bana yi a kansa. Haka aka koya min a jami'a nima, haka nake koyarwa, bansan cewa wannan ɗan ɗigon shi ne ya ɗauke min yayana ba, shi ya gurgunta min kawu, kuma yana nan tafe zuwa ɗakina.

Ina da shekara bakwai lokacin da yayana ya fara ciwo, shi yana da tara, a ƙauyenmu can ƙasar Katsina. Abin da na fi tunawa shi ne baƙin da ya yi, yaro ne mai haske kamar Inna amma sai ya rine, gwiwar hannunsa da layin tafin hannunsa har dasashinsa duk suka yi duhu, ga amai ba dalili, ga lasar gishiri, Inna har ɓoye gishirin take yi. Daga nan sai ya fara karo da bango, a kira shi ya juya wani wajen daban, sai farfaɗiya, sai ya daina magana. Shekara biyu yana kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk gari aka ce jifa ne. Kuma aka ce kishiyar Inna ce ta yi, saboda ita a lokacin 'ya mace ɗaya gare ta, wai tana baƙin cikin ɗa namiji. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta, Baba ya sake ta ta goya 'yarta ta tafi, har yau ina ganin bayanta da ƙullin kaya a ka. Shi kuma kawu, ƙanin Inna, direban babbar mota ne, yana ɗan shekara talatin da wani abu ƙafafunsa suka fara sandarewa, yana jan su, fitsari yana kufce masa, dole ya ajiye tuƙi ya koma dogara sanda. Shi kuma aka ce ya tsallaka wani abu ne a hanya. Ba wanda ya taɓa haɗa ciwon kawu da na yayana, ai ko kama basu yi ba.

Ɗana na fari, kun san dai ba zan faɗi sunansa ba, lafiyayye na haife shi, ya yi tafiya da wuri ya yi magana da wuri, ya shiga izu na biyu kafin ya cika shida. Tun yana biyar dai yake yawan kwanciya, amai da kasala, mu je kemis ko ƙaramin asibiti a ce maleriya ce da taifot, a saka masa ruwa ya farfaɗo mu dawo gida, bayan wata biyu a sake. Na lura yana baƙi, nace yawon rana ne da ƙwallo. Allah ya sani raina ya ɗan taɓa ni in na kalli dasashinsa amma sai in kawar da tunanin da sauri, ba uwar da take son ta tuno irin wancan abu a jikin ɗanta.

Yana shekara bakwai malamarsu ta aiko cewa baya maida hankali, rubutunsa ya karkace yana hawa kan layi, a yi masa magana ya yi kamar bai ji ba. Babansa ya ɗauka iskanci ne har ya zane shi sau biyu, kuma wannan dukan har gobe yana cin babansa a rai, wani lokacin cikin dare sai in ji yana istigfari yana ambaton abin. Muka kai shi wajen likitan kunne aka ce kunne lafiya lau, likitan ido ya ce ido lafiya lau. To yaro baya gane magana in akwai hayaniya, yana miƙa hannu ya ɗauki kofi ya kuskure, amma kunne da ido lafiya? Sai da ya faɗi a bayi yana jijjiga sannan aka tura mu babban asibiti.

Likitar da ta gan mu, Allah ya saka mata da alheri duk inda take, bata fara da rubuta magani ba. Ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta juya tafin hannunsa, sannan ta dube ni tace Hajiya a dangin mahaifiyarki, ba na mahaifinki ba, akwai namijin da ya taɓa irin wannan ko wanda ƙafarsa ta sandare da ƙuruciya? Naji kamar an zuba min ruwan sanyi. Na ba ta labarin yayana da kawu, ta ajiye biro ta yi shiru. Aka yi hoton MRI, ta ɗaga mana shi a haske, can bayan ƙwaƙwalwar ta ɓangarorin biyu ya yi fari fat kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, tace nan ne inda ake fassara abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, shi yasa idon da kunnen suke lafiya amma saƙon baya isa. Aka ɗebi jini aka tura ƙasar waje don a nan ba a samu inda ake gwajin ba, muka sayar da filin da muka daɗe muna tanadi, muka jira makonni. Ranar da sakamako ya zo ta ce min, malama kin ce bayoloji kike koyarwa, kin san feroksisom? Nace na sani. Tace to ƙofarsa ce ta lalace a jikin ɗanki. Sunan ciwon adirinolukodistirofi, a taƙaice ALD.

Daren nan ban yi barci ba, da shi da darare masu yawa bayansa, ina zaune gefen gadonsa da waya a hannu da tsofaffin littattafaina na jami'a ina karanta abin da na raina shekara da shekaru. Zan faɗi abin da na fahimta yadda zan faɗa wa ɗalibaina, don da ace wani ya taɓa zaunar da ni ya faɗa min haka da watakila na gane da wuri.

Feroksisom wata 'yar jaka ce a cikin sel, fatarta ɗaya tak, ba kamar maitokondiriya mai fata biyu ba, kuma bata da DNA, wato rubutun gadon da ake bi wajen ƙera kayan sel, nata na kanta. Ƙanƙantarta ta kai a ce mafi girmanta kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne. Kusan kowane sel na jikinmu yana da su, amma hanta da ƙoda sun fi kowa tara su, ɗaruruwa a sel guda. Wani ɗalibi ɗan Suwidin mai suna Johannes Rhodin ne ya fara hango su a ƙodar ɓera a 1954 bai ma san aikinsu ba, sai Christian de Duve ɗan Beljiyam da mutanensa suka tace su daga hanta suka gano abin da ke ciki, shi ya raɗa musu wannan suna wajen 1965, kuma yana cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 1974 kan binciken tsarin cikin sel. Sunan daga haidirojin feroksaid aka samo shi, wannan ruwan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. A cikin jakar akwai enzaim, wato 'yan sinadaran da ke yi wa sel aiki, da suke ƙona abubuwa da iskar oksijin, wajen ƙonawar sai su fitar da haidirojin feroksaid wanda guba ne ga sel, to sai Allah ya ajiye wani enzaim ɗin a cikin jakar dai, katales, yana fasa gubar nan take ta koma ruwa da oksijin, ƙwara ɗaya tana fasa miliyoyi a daƙiƙa guda. Ni da kaina sau nawa na sayo ɗanyar hanta a mahauta na yanka wa yara a kwalba na ɗiga haidirojin suna ihu suna kallon kumfa tana ambaliya. Wancan kumfar aikin katales ne, kuma gidan katales feroksisom ne. Wato kamar maƙera ce da aka yi mata ɗaki daban aka rufe, ana wasa da wuta a ciki amma ga randar ruwa a gefe don kada gobara ta fita.

Wannan shi ne iya abin da nake koyarwa. Abin da bana faɗa shi ne maganar kitse. Kitsen jiki sarƙa ce ta kabon, yawancin wanda muke ci sarƙarsa 16 ko 18 ce, wannan maitokondiriya tana ƙona shi ta ba mu ƙarfi. Amma akwai masu tsawon gaske, daga 22 zuwa sama, irin su 24 da 26, waɗannan maitokondiriya bata iya fara su, sai an shigar da su feroksisom ya dinga gutsure musu kabon biyu-biyu har su gajarce sannan ya miƙa mata ta ƙarasa. Kamar gungumen icce ne da ba zai shiga murhu ba sai mai faskare ya faskara. Kuma akwai wata ƙofa a fatar jakar da ake shigar da gungumen ta nan, ƙwayar gadon da ke ƙera ƙofar sunanta ABCD1, an gano ta a 1993. A jikin ɗana jakar tana nan, masu faskaren suna ciki da gatarinsu, ƙofar ce kawai bata buɗuwa. Sai dogon kitsen ya yi ta taruwa a jini da sassan jiki, ya fi yin ɓarna a wuri uku, da 'yar halittar nan da ke zaune kan ƙoda da ake kira adirenal, da lakar baya, da farin rufin da ke naɗe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar robar da ke jikin wayar lantarki, wanda ake kira mayalin. In adirenal ta gaza sai ga baƙin fata da amai da kasala da son gishiri, abin da muka yi shekara biyu muna kira taifot kenan. In lakar baya ce sai ƙafa ta sandare a hankali bayan an girma, kawu kenan. In kuma ƙwaƙwalwa ce ta kama kumburi rufin ya fara zagwanyewa, to yayana kenan da ɗana. Ciwo ɗaya, fuska uku, a gida ɗaya.

Da na ci gaba da karatu sai mamaki ya ƙara kama ni, don ashe ba faskare kawai jakar take yi ba har ƙira tana yi. Matakin farko na haɗa wani kitse mai suna filasmalojin a cikinta ake yi, kuma shi wannan kitsen yana da yawa a cikin mayalin ɗin nan dai. Tana sa hannu wajen haɗa ruwan maɗaciya da ke narkar da mai a hanji. Tana rushe wani kitse mai rassa da muke samu daga nono da man shanu da naman dabbobi masu tuƙa, wanda in ya taru yake kawo ciwon da ake kira Refsum. A hanta tana kawar da wani sinadari da in bata kawar ba yake komawa dutse a ƙoda tun yaro yana ƙarami. Har a tsiro tana nan, gyadar da muke shukawa da damina, kafin ta fitar da ganye ta fara cin rana, wani nau'in feroksisom ne yake taimakawa a maida man da ke cikin ƙwayar ya zama sukari ɗan tsiron ya rayu da shi. Kuma tunda bata da DNA, duk ma'aikatanta a waje ake ƙera su a manna wa yawancinsu 'yar alama a wutsiya, harafi uku SKL, sai wani ɗan rakiya mai suna PEX5 ya gane alamar ya kamo su ya kai su ciki. In waɗannan 'yan rakiyan ne suka lalace to jakar gaba ɗaya bata haɗuwa, shi ne ciwon Zellweger, jariri ya zo jiki a saki baya iya tsotso, yawanci basa cika shekara. A 1973 ne aka duba hanta da ƙodar irin waɗannan jarirai aka ga babu feroksisom, daga nan likitoci suka daina yi masa kallon ƙaramin abu. Ni sai da na kai shekara arba'in na daina.

Na tambayi likita magani. Tace akwai dashen ɓargo, yana iya tsayar da kumburin ƙwaƙwalwar, amma sai in an yi shi da wuri, lokacin da hoto ya fara nuna ɗan tabo yaro kuma yana gudunsa lafiya ba alamar komai. Namu ya riga ya wuce nan, in aka yi ma wahala kawai za a ƙara masa. Na daina saka masa mai a abinci, na hana shi nama, tace Hajiya bar yaro ya ci abin da yake so, yawancin wannan kitsen jiki ne yake ƙera shi da kansa. Wata 'yar uwa ta turo min maganar man da ake kira man Lorenzo, na kai mata da murna, tace yana sauke adadin kitsen a jini amma ba a ga ya tsayar da ciwon ƙwaƙwalwa ba in ya riga ya tashi. Mun yi addu'a, mun yi sauka, mun yi sadaka, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba don su suka riƙe min zuciya. Ganinsa ya tafi, sai ji, sai magana, sai haɗiya har aka saka masa robar abinci ta hanci. Ina juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ina karanta masa surorin da ya haddace a kunne ko da an ce baya ji. Ya rasu wata Alhamis da asuba yana da shekara tara da wata bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun kafin rasuwarsa likita ta matsa a gwada ƙannensa. Ta zana min a takarda abin da ni ma nake zana wa 'yan aji uku, ƙwayar gadon a kan kuromosom X take, mace X biyu gare ta namiji ɗaya, duk ɗan da na haifa rabi da rabi ne ya ɗauki mai matsalar, 'ya mace ma haka sai dai ita ta zama mai ɗauke da shi kamar ni. Kawu kuma duk 'ya'yansa mata sun ɗauka, mazan ko ɗaya bai ɗauka ba. Dangin mijina wasu sun ce auren zumunci ne ya jawo, alhali ni da shi ko gari bamu haɗa ba, wannan ciwon ba ruwansa da zumunci, irin su Zellweger ne sai uwa da uba sun haɗu a kai. Wasu kuma suka koma cewa jinin gidanmu ne marar kyau, na ji zafi amma babansu ya tsaya min, yace ba wanda ya zaɓi abin da aka halicce shi da shi.

Na tsakiya ya fito lafiya. Ɗan auta yana da shi. Lokacin yana shekara huɗu.

Na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza, amma likita ta riƙe hannuna tace ki saurare ni, wannan ba kamar wancan bane, wannan mun riga ciwon isowa. Tace ba kowane yaro mai ALD ne ƙwaƙwalwarsa take kamawa da ƙuruciya ba, kusan ɗaya cikin uku ne, kuma ba gwajin da zai faɗa maka wane ne a ciki, sai dai tsaro. Aka gwada adirenal ɗinsa aka ga ta fara rauni, aka ɗora shi kan haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin sinadarin da adirenal take fitarwa, sau uku a rana, in zazzaɓi ya kama shi a ninka, in yana amai baya riƙe magani a ruga asibiti a yi masa allura, cikin 'yan watanni hasken fatarsa ya dawo ya daina kwanciya. Ƙwaya ce 'yar ƙarama mai araha, ita ce ɗana na fari bai samu ba duk shekarun da ake saka masa ruwa. Hoton MRI kuma duk wata shida har ya kai shekara 12, daga nan a koma shekara-shekara. An gwada na tsakiya ko ɓargonsa zai dace da na ƙaninsa, damar ɗaya cikin huɗu ce, Alhamdulillah ya dace, to in ranar ta zo aƙalla mun san inda za mu dosa, kuɗin ne dai muke ta tarawa da adashe da abin da 'yan uwa suka sa. A jihar New York ta Amurka tun ƙarshen 2013 suke gwada jarirai da ɗigon jinin diddige, a 2016 aka saka shi cikin jerin gwajin da ake ba duk ƙasar shawara, mu nan ko sikila ba kowane jariri ake gwadawa ba balle wannan. Abin da muke da shi kyauta shi ne tambayar da likitar nan ta yi min, kuma da an yi min ita yana shekara biyar da na amsa.

Inna na fi jin tsoron faɗa wa. Ita ma fa shekara goma tana jan ƙafa tana yawan zuwa bayi muna cewa tsufa ne, ashe mata masu ɗauke da shi da yawansu in sun manyanta lakar bayansu tana taɓuwa, nima ina jiran nawa. Na zauna a tabarma na yi mata bayani da gungumen icce da murhu da ƙofar da bata buɗuwa, na gaya mata daga wajen kaka ya biyo, ba laifinta bane ba laifina bane. Ta daɗe tana jan carbi bata ce komai ba. Can sai tace, kenan baiwar Allah nan bata yi komai ba? Nace Inna bata yi komai ba. Tace samo mana mota.

Shekara talatin da uku rabon su da juna. Muka same ta a wani ƙauye wajen 'yarta, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma tana jin muryar Inna tace Yaya, ke ce? Inna da ƙafar da bata lanƙwasuwa ta dage sai ta durƙusa, ta kama ƙafarta tana cewa ki yafe min, mun ɗora miki abin da baki ji ba baki gani ba. Ni na yi bayanin don Inna ta kasa. Matar ta saurara har ƙarshe, bata yi kuka ba, tace ita tun ranar da ta fita ta bar wa Allah, abin da ya fi mata ciwo shi ne ba a bar ta ta yi wa yaron addu'a a kan gawarsa ba alhali ita take goya shi in Yaya ta tafi rafi. Sai tace ina ƙaramin da kuka ce? Na tura mata shi, ta ɗora shi a cinya tana shafa kansa tana tofa masa addu'a, ƙararrawar wayata ta buga ƙarfe biyu na maganin rana, tace miƙo nan, ita ta saka masa ƙwayar a baki ta ba shi ruwa a moɗa.

Yanzu shekararsa takwas. Hoton satin da ya wuce ya fito fes, ba tabo. Na gaba sai watan Rajab in Allah ya kai mu. 'Ya'yan kawu mata su huɗu ne, biyu sun yarda a gwada yaransu maza, biyun mazajensu basu amince ba tukuna, gobe Asabar zan sake komawa gidan ɗaya da takardun.